Sabi'u da Agogon Taswira

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, domin lokaci ya ƙure mini.

Ni ma'aikaci ne a sashen ajiye takardu, ina zaune a Gaya, mahaifiyata kuma, Inna, tana Toranke. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya soma dishi-dishi, ga ciwon suga. Wani asibiti a Kaduna ya ba mu ranar aiki, ƙarfe sha biyu na rana. Ban iya tuƙi ba, sai Inna ta ce a kira Sabi'u, ɗan ƙaninta marigayi, mai jan bas daga Ajingi zuwa Kano, wanda tun ranar da ya sayi babbar waya ya naɗa kansa masanin hanyoyin duniya.

Ba na magana da ka, komai na rubuta. Mun tashi shida saura kwata. Ya maƙala wayar a gilashi, taswira ta nuna za mu isa sha ɗaya saura, sai ya ce, "Yaya, yau sai na riga ta zuwa." Ashe wannan ce sana'arsa, magidanci mai 'ya'ya huɗu yana tsere da agogon waya. Da muka kusa Kano na ce mu bi ta bayan gari, ya ce matar da ke magana a wayar ta gano gajeriyar hanya, ita kuma ba a ofis ta yi karatu ba. Ta kai mu wani lungu a bayan kasuwa, tirela na sauke kaya a gaba, 'yan adaidaita sahu sun toshe baya. Awa biyu da minti talatin da bakwai muka yi a wurin, tana ta cewa ya yi dama, damar kuwa katanga ce.

Da muka fita sai ya rantse zai rama lokacin, babu sauran tsayawa. Sau uku Inna ta ce tana son ta kama ruwa, kuma duk mai hankali ya san tsohuwa ba ta faɗin haka a gaban ɗan ƙaninta sai ta matsu. Amsarsa ita ce, "Gwaggo, ki daure, kowace tsayawa minti goma take ƙara mana." Na yi masa magana a tsanake, na yi da faɗa, amma da yake taubashina ne duk ya mayar da ita wasa, har yana kirana Akawu Sarkin Biro. Bayan Zariya ya soma gyangyaɗi, sau biyu taya tana sauka daga kwalta. Inna ba ta sake neman a tsaya ba. Mun isa ɗaya da minti ashirin da biyar, an gama kiran sunaye, kuma ba ta iya fitowa daga mota ba sai da na miƙa mata wani zane daga jaka.

Wannan mutumin, da muka dawo, ya zauna a tashar Ajingi yana cewa netwok ne ya cuce shi.

An sake ba mu Laraba mai zuwa, da gargaɗin cewa idan muka sake makara za mu koma ƙarshen layi, watanni, idon da ya rage kuma ba jira zai yi ba. Na samu wani dattijon direba a Gaya mai tsayawa salla da hutu. Inna ta ce atafau Sabi'u ne zai kai ta, maraya ne, canza shi tozarci ne a idon gari. Kawu Hamisu, babban gidansu, ya ce cunkoso ƙaddara ce, in kawo dalili ɗaya mai ƙarfi gobe bayan la'asar, shi zai shawo kanta. Na faɗi gyangyaɗin, Sabi'u ya ce ramuka yake kauce wa, aka yi dariya. Dalilin da zai rufe bakin kowa shi ne maganar zanen, ita kuma Inna ta riƙe hannuna a Kaduna ta ce ko bayan ranta kada wani a dangi ya ji.

Jama'a, in tona abin da ta ba ni amana don in ceci idonta, ko in yi shiru in sake sa ta a motar Sabi'u? Da mahaifiyarku ce, me za ku faɗa wa Kawu gobe?