Sawun Yatsun Baba a Bango

Daga Gardaya, ƙasar Aljeriya

Inna,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar taki? Ina Rahinatu da yara, da mutanen Kalfu baki ɗaya?

Ni lafiya lau nike. Farar ƙasa ta ɗan ci mini hannuwa, amma kin san hannun magini, kada ki sa abin a rai.

Garin nan bisa tudu yake, masallaci a can ƙoli, gidaje sun kewaye shi suna gangarowa. Tsofaffin gidaje muke gyarawa, na dutse da farar ƙasa, rufinsu da itacen dabino. Ran nan na ɗauki cokalin gini zan shafe wani bango sumul, sai tsoho mai gidan ya riƙe mini hannu. Ya ɗora yatsunsa cikin wasu sawu a tsohon yaɓen, ya ce, "Na kakana ne, ka bar su." Inna, ranar ban iya cin abinci ba.

Na ji bangon ɗakinki ya tsage, Yaya Ciɗo na son ya rushe ɗakin ya tada na bulo da kwano. Allah ya saka masa, alheri yake nufi. Amma don Allah ki roƙe shi ya dakata. Ki duba bangon gabas, daidai inda kike rataye tabarmar salla. Sawun yatsun Baba na nan tun ranar da ya koya mini yaɓe.

Kafin damina a toshe tsagar kawai. Ki sa ni cikin addu'a. In Allah ya maido ni, da hannuna zan yaɓe ɗakin duka, amma in bar wurin sawun Baba yadda yake.

Ɗanki,
Almustafa