Kyandiran Ranar Dukan Tsarkaka

Suleja,
washegarin ranar Waliyyi Bitrus da Waliyyi Bulus

Yayana Bamalli,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kana lafiya, da ƙafar nan taka mai ciwo, da mutanen Wusasa baki ɗaya. Ni ma lafiya lau, sai godiya.

Rabi'u direba ya kawo mini daddawar da ka aiko, Allah ya saka da alheri. Ya ce ya yi ta kwaɗa sallama a ƙofar gidanka har maƙwabta suka leƙo, kai kuwa kana zaune a tsakar gida ba ka ji ba. Ashe kunnen ya ƙara nisa. To, waya dai mun haƙura da ita, mu ci gaba da takardarmu irin ta mutanen da.

Jiya muka yi bikin manzannin nan biyu. Tun da asuba na cire koren mayafin bagadi na shimfiɗa ja, na goge ƙoƙon Jibin Ubangiji, na hura gawayin turare. Fada Alphonsus ya kaɗa ƙararrawa, muka zauna jira. Ba wanda ya zo. Ba laifinsu ba ne, Yaya. Kafin gari ya waye mutanen cocinmu suna cikin cunkoson motoci a Madalla, kowa na neman ya isa wurin aiki a Abuja. Ran Lahadi coci cike har waje, amma idan ranar waliyyi ta faɗo tsakiyar mako, ni kaɗai ce jama'a. Haka Fada ya sa rigarsa ya yi komai daki-daki kamar a gaban taro, ni kuma ina daga benci na farko.

Da na dawo gida na dafa abinci, na ci kaɗan, na rufe saura. Ka san ba ni da ɗan da zai zo ya buga mini ƙofa. Ranakun nan su ne ke gaya mini inda shekara ta kai. Da ba su, ban san abin da zai raba mini Talata da Alhamis ba.

Ka yi haƙuri da rubutuna, biron ne ba shi da kyau. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Azumi

Wusasa,
cikin watan Agusta

Azumi,

Na gaishe ki. Ƙafa tana nan yadda kika san ta. Ruwa ya yi yawa bana, katangar bayan gida ta zube, na sa an ɗaura zana.

Na ga takardarki. Biro ba ya sa layi ya hau kan layi. Na koyar da yara rubutu har na yi ritaya, na san hannun wanda bironsa ya lalace, na kuma san hannun wanda ba ya ganin inda ya tsaya. Je ki a duba miki ido.

Sannan maganar da nake yi miki kullum. Aure ne ya kai ki Suleja, mai auren kuma ya riga mu gidan gaskiya. Me kike tsaro a can? Gidan haya ne, ba naki ba. Nan ga ɗakin marigayiya matata a rufe, gizo-gizo ne kawai ke kwana ciki. Coci kuma muna da shi a nan, a cikinsa aka yi miki baftisma. Ban ce akwai hayaƙin turare da durƙuso bini-bini irin naku ba, wanda ranar da na zo jana'izar mijinki ya sa ni tari har aka fitar da ni waje. Amma Allah ɗaya ne.

Ki yi tunani. Ki gai da Fadan naku.

Yayanki,
Bamalli

Suleja,
ranar Mala'ika Mika'ilu da dukan mala'iku

Yayana,

Ina gaisuwa da girmamawa. Na ji labarin katanga, Allah ya tsare gaba.

Idona lafiyarsa ƙalau. Yau ma ni na fito da farin mayafin nan da na yi wa aikin zare da hannuna shekarar da muka zo garin nan, na goge shi, ko tabo babu. Mai ciwon ido zai yi wannan? Shi za mu sake shimfiɗawa ranar Dukan Tsarkaka. Washegarinta kuma za a karanta sunayen waɗanda suka rasu, na riga na ba Fada na Baba da Inna da matarka da maigidana.

Maganar dawowa, ka bar ta tukuna. Makullin ɗakin kayan sujada a hannuna yake, ba zan ajiye shi a kan benci in tafi ba.

Ba zan tsawaita ba, kaina na ɗan ciwo. Ka huta lafiya.

Azumi

Gidan Limami, Suleja,
cikin watan Nuwamba

Zuwa ga Baba Bamalli,

Alheri da salama su tabbata gare ka. Ni ne Alphonsus, limamin cocin da Mama Azumi take sujada. Mun taɓa gaisawa sau ɗaya. Na karɓi kwatancenka wurin Malam Rabi'u direba, ba da sanin Mama ba, ka gafarce ni.

Ranar Dukan Tsarkaka da safe, Mama tana kunna kyandiran bagadi, gefen gyalenta ya taɓa wanda ta riga ta kunna a hannun hagu. Ba ta gani ba. Wuta ta kama gyalen, ta kama farin mayafin bagadi. Ina cikin sa riga na ji ihunta. Kafin in iso ta riga ta kashe wutar da tafin hannunta. Hannun dama ya ƙone, amma yana warkewa.

A asibiti na roƙi a duba idon. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinta. Ta ce masa ta jima tana ganin duniya kamar ta cikin bututu. An ba ta maganin ɗigawa don a tsare abin da ya rage, wanda ya tafi kuwa ba zai dawo ba.

Baba, dattawan coci sun zauna, ni ma na yarda da su, na karɓi makullin daga hannunta. Na yi ƙoƙarin tausasa magana. Ta kwance shi daga bakin zanenta ta miƙo mini, ta ce, "Fada, gawayin turare yana cikin gwangwanin da ke bayan ƙofa." Tun ranar ba ta sake taka coci ba, har ran Lahadi. Na je gidan, ta ce a gaya mini tana barci. Maƙwabciyarta Malama Jannatu, matar mai gidan hayar, ita ke kai mata abinci tana ɗiga mata magani.

Ban san ko na yi daidai ba. Na san dai ba ta da kowa sai kai.

Naka cikin Almasihu,
Fada Alphonsus

Wusasa

Azumi,

Na san wani ne zai karanta miki wannan. Wanda ke karantawa, na gaishe ka, ka kuma karanta yadda na rubuta, kar ka rage.

Fadanku ya gaya mini komai. Kar ki ji haushinsa, da bai faɗa ba da na ji haushinsa ni. Sannu da hannu. Sannu ƙwarai.

Yanzu ki bari in faɗi tawa. Kina tsammani don ke kaɗai nake cewa ki dawo? Mutane sun gaji da ɗaga murya, sun koma ɗaga mini hannu daga nesa su wuce. Ran Lahadi ina zaune a coci ina kallon bakuna na motsi. Wuni guda sai ya wuce ban yi magana da kowa ba sai kaji. Takardarki ce kaɗai muryar da nake ji sarai, ba sai na ce a maimaita ba. Idan idonki ya ƙarasa, ke ba ki rubutu, ni ba na jin waya, to shi ke nan mun rabu tun muna da rai.

Na yi magana da Rabi'u. Duk ranar da kika ce, zai zo da mota ya kwaso ki da kayanki. Makullin da kike tsaro ai an karɓe.

Yayanki,
Bamalli

Suleja,
Lahadi ta biyu ta jiran Kirsimeti

Yayana,

Gaisuwa da girmamawa. Wannan hannun Jannatu ne, ni nake faɗa tana rubutawa. Ta ce in gaya maka sunayen waliyyanmu na ba ta wahala, idan ka ga kuskure nata ne. Ita ta karanta mini takardarka, ba ta kuma rage komai ba, sai dai ta tsaya a tsakiya ta ce tana zuwa, na ji ta tana fyace hanci a waje.

Yaya, na yi niyyar zuwa. Har na sa Jannatu ta sauko mini da akwati, mun ɗaure tukwane. Kunya ce ta hana ni coci. Mayafin da na yi da hannuna, ni na ƙone shi a gaban bagadi. Idan ƙararrawa ta kaɗa da safe sai in juya fuskata bango.

Ran Alhamis Fada ya zo. Wannan karon bai tambayi izini ba, ya zauna a kan turmi a ƙofar ɗakina ya ce shi ba ya sauri. Da na ga ba zai tafi ba sai na fito. Don dai in ce wani abu, na ce, "Fada, jiya ranar Waliyyi Andarawus, ina fata an tuna an sa jan mayafi."

Ya ce, "An sa, Mama. Ni na sa da kaina. Amma ba a yi Jibi ba."

Na ce, "Ba ka da lafiya ne?"

Ya ce, "Lafiyata lau. Na kaɗa ƙararrawa, na sa riga, na jira, na tuɓe. A ƙa'idar cocinmu limami ba ya yin Jibi shi kaɗai, sai da wanda zai amsa masa ya ci tare da shi. Tun da kika daina zuwa, ban yi ko ɗaya a tsakiyar mako ba."

Na ce masa ni yanzu ba ni da amfani, ko kyandir ba a yarda in taɓa ba. Ya ce, "Kyandir ina da hannu, zan kunna. Amin ɗin ne ba zan iya amsa wa kaina ba."

Duk shekarun nan, Yaya, ina ɗauka don guga da goge-goge ake bukatata.

Washegari Jannatu ta riƙe hannuna har ƙofar coci, ta tsaya a waje wurin mai ƙosai tana jirana. Fada ya yi Jibin waliyyin a makare. Ban ga bagadin sosai ba, fitilu biyu kawai nake gani. Amsoshin kuwa suna kaina, ba na bukatar littafi. Da ya juyo ya yi gaisuwar salama, na amsa masa.

Saboda haka ka yafe mini. Na sa an kwance tukwanen. Ban manta da abin da ka rubuta ba, shi ne ma ya fi ƙunar hannun yi mini zafi. Jannatu ta ce za ta riƙa rubuta mana muddin tana gidan nan. Na san ba ɗaya ba ne. Amma idan na tafi, ranar Waliyyi Istifanas da ta Yahaya da duk masu biyowa, yaron nan zai sa riga ya tuɓe shi kaɗai a cikin coci, ni kuma ina can na sani.

Kar ka yi fushi da ni. Allah ya ba ka lafiya, ya sa mu gana.

Ƙanwarka,
Azumi

Wusasa

Azumi,

Na gaishe ki, na gai da Malama Jannatu.

Na yi fushi, ya kuma wuce. Taurin kan nan na Inna ne, na san ba ya lanƙwasuwa.

Na ba maƙwabci kajina. Na je maƙabarta na yi wa matata sallama. Rabi'u ya ajiye mini gidan gaba ran Asabar saboda ƙafa. Jaka ɗaya zan riƙo, ban ce na zo ke nan ba, ban kuma ce ga ranar komawa ba. Ki tambayi mijin Jannatu ko akwai ɗaki.

Ki gaya wa Fada jama'arsa ta zama biyu. Ɗayan dai ba zai ji inda aka kai ba. Ki zauna a damana, idan lokacin Amin ya yi ki taɓa ni.

Yayanki,
Bamalli