Juyin da Auta Ya Yi

Zuwa ga Autana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Ni dai da sauƙi, sai gwiwar nan da ba ta jin magani, da shirun gida da ya fi ta ciwo.

Dalilin rubutowa shi ne takardar gayyata zuwa taron masu hannun jari na kamfanin wuta. Ta abokina Dogo ta iso, tawa shiru. Ka san tun da muka bar aikin karanta mita, ni da shi ba mu taɓa fashin taron nan ba. Ita ce fitar da ta rage mini a shekara. Har na kai kwat ɗina wajen mai guga. Dogo yana yi mini tsiya, wai surutuna ne ya ishe su. Na ce masa gara ni, shi da yake minshari tun ba a gama karanta rahoto ba.

Ina zaton daga juyin nan ne. Da ka karɓi takardun shaidar hannun jarina ka ce za ka juya mini su, na san yanzu komai a kwamfuta yake. Wataƙila ma'aikatan sun ɓata adireshin. Ka leƙa musu don Allah.

Ka gaishe da kowa.

Babanka

Zuwa ga Auta,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya.

Mai ɗakinka ta zo jiya da kwanon abinci. Yarinyar kirki. Ta share ɗaki, ta canza mini zanen gado, sannan ta ce godiya ta kawo ta. Na ce ta me? Ta ce, "Ta motar kaya mana, Baba. Ai ya ce kai ka ba shi hannun jarinka ya sayar. Allah ya ƙara girma." Na ce amin. Ban so ta koma gida tana kallon mijinta da wani ido ba. Har launin motar na tambaye ta.

Da ta tafi na kira ka, ka ce mini, "Haba Baba, ai na ce zan juya, ka ce to." Gaskiya ne, na ce to. Amma juyin da aka koya mana a makaranta shi ne a ɗauke rubutu daga wannan takarda zuwa waccan. Ku 'yan kasuwa ne juyinku a sayar da wannan a sayi wancan. Kuma ka san da wane kunne na ji ka. Kana tsaye na ciro takardun daga akwatin marigayiya mahaifiyarka, na ce ka kula kada su yi kuskure a sunana. Mai sayarwa yana damuwa da harafin sunansa? Nan ne ya kamata ka tsayar da ni. Ba ka yi mini ƙarya ba, Auta. Ka bar ni na yi wa kaina, kana kallo.

Da ka roƙa, da na ba ka fiye da rabi. Ribar da suke rabawa ba ta taɓa cika mini tukunya ba. Shekara da shekaru ina shiga gidajen mutane, karnuka na bina, ana cewa ga na wuta nan ya zo. Amma a zauren nan, in na ɗaga hannu, shugaban kamfani da kansa yakan yi shiru har in gama. Wannan ka sayar.

Yau aka yi taron. Dogo ya zo da tasi, yana buga ƙofa yana kirana mai kamfani. Na ce gwiwa ta hana. Ya ce in ta kama goya ni zai yi. Na ce ya tafi kada ya makara. Bakina ya kasa faɗin cewa ɗana ne ya sayar da hannun jarina.

Kada ka aiko da kuɗi, ba zan karɓa ba. Kada ka sayar da motar, yara su ci abinci. Abu ɗaya nake nema: ka saya mini hannun jari ƙwaya ɗaya tak, da sunana. Da ɗaya ma ana shiga. Ka hanzarta, don likita bai yi mini alkawarin baɗi ba. Ranar da ka kawo shaidar da hannunka, ranar za mu gaisa.

Ka gaishe da mai ɗakinka. Kada ka faɗa mata komai.

Mahaifinka