Ɗinkin da Ka Yi Mini a Bakin Teku

Telana, sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan randata mai sanyi,

Na san wannan wasiƙar ba za ta iske ka ba. Amma tun da muke ban taɓa ɓoye maka magana ba, ba kuwa zan fara yanzu don ƙasa ta rufe ka ba.

Ka tuna tafiyarmu? Kai ka matsa, wai matarka ba za ta tsufa tana ganin teku a jikin kalanda ba. Ka lulluɓe keken ɗinki da tsohon zanena, ka rufe shago, muka hau mota. Wayyo wannan tsohon birni! Lunguna matsattsu, ƙofofin katako masu manyan ƙusoshi, ganuwar da gishiri ya gama ci, ga bindigogin igwa sun yi tsatsa suna kallon ruwa. Ka cusa kanka a bakin ɗaya ka kira ni Sarauniyar Tsoro, muryarka ta fito kamar ta bijimi. Na ce za ka sa a kore mu. Wa zai ƙara ba ni kunya mai daɗi irin wannan?

Sai ka ce mu ƙetara tsibiri mu ga hasumiyar da ke haska wa jirage hanya. Mai kwalekwalen nan, mai haƙorin azurfa, ya loda mu kamar buhuna. Rigunan da ke hana nutsewa ba su kai ba, ya yi dariya wai teku ta san shi. Ta ƙarshe, mai ruwan goro, maɗaurinta a tsinke yake. Ka saka mini ita, ka zaro allurar da ba ta rabuwa da wuyan rigarka, ka ɗinke ta a jikina da farin zare. Mutane suna tsokanarka wai tela ko a bakin teku ba ya hutu. Ka tsinke zaren da haƙori, numfashinka a kafaɗata.

Da igiyar ruwa ta kifar da mu, ni ina yawo a sama kamar ƙwarya. Kai kuwa, hularka kaɗai na gani. Hasken safiyata, ina ka shiga? A asibiti sun ja, sun ja, ɗinkinka ya ƙi sakina, sai da aka kawo almakashi aka yanka rigar ta ɗaya gefen. Da ita na dawo gida, zarenka na nan a jikinta.

To ji abin da ya sa na ɗauki biro. Mai kwalekwalen nan ya kira Yayanka. Ba gaisuwar rasuwa ba, ko kusa! Rigarsa yake so a mayar masa. Wai yanzu hukuma tana duba riguna kafin jirgi ya tashi, shi kuma tasa ɗaya ta yi ciwon kai. Har ya sake wa kwalekwalen fenti, ya koma lodi. Yaya ya ce in ba shi kayarsa, in bar wa Allah. Mutuwarka na bar wa Allah, Telana, don shi ya ba ni kai. Amma wannan rainin, wallahi, nawa ne.

Zan kai masa rigarsa, a jikina. Mai suyar kifin da ta lulluɓe ni da zanenta ran nan ta ce in zo, akwai tabarma a ɗakinta. Kowace safiya zan tsaya inda ake hawa jirginsa. Duk mai yawon buɗe ido da ya ɗaga ƙafa, zan nuna masa farin zarenka, in gaya masa ɗinkin wa ne, da inda mai ɗinkin ya ƙare. Ni da ka sani ko mai kayan miya ba na iya yi wa musu! Ina so ya ga ruwan goro daga nesa cikinsa ya ɗuri ruwa. Ina so ya yi ta kiran fasinja har muryarsa ta dushe, ba wanda ya waiwaya. Allah ya isa tsakanina da shi, ya isa, ya isa!

Kada ka ce mini haƙuri, masoyina. Na san shi za ka ce, kana murmushin nan naka mai kama da fitowar wata. A wannan karon ba zan ji maganarka ba.

Ran da na ga kwalekwalensa a kife bisa yashi, ciyawa ta tsiro a gindinsa, ran nan zan tuɓe rigar in jefa masa. Amma sai na warware zarenka tukuna, sili-sili. Wannan ba nasa ba ne.

Taka ce, a tudu ko a ruwa, har a kwantar da ni kusa da kai,
Sarauniyar Tsoro, wadda tsoron ya ƙare mata.