Farin Kayanki da Nake Sawa Saboda Lola

Dumangas, Iloilo
Watan Fabrairu

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Manang Bining,

Ki yi haƙuri, yau zan saɓa wa yadda kika koya mini rubuta wasiƙa. Na san kaina, idan na fara da gaisuwa zan ɓuya a cikinta har takardar ta ƙare ban faɗi komai ba. To ga maganar. Tun bayan girbin shinkafa, kullum safe da yamma ina sa farin kayanki na makarantar koyon jinya, har da hular, ina amsa sunanki a cikin gidan nan. Wannan kowa a gida ya sani, ke kaɗai ce ba ki sani ba. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Fada a coci, shi ne idan na sa kayan ba na son cirewa.

Yanzu kuma gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da tsofaffin da kike kula da su a can Ireland. Ubangiji ya sa sanyin bai fi ƙarfinki ba, ya tsare mana ke a hanyar zuwa aiki da dawowa, amin. Babanmu Tatay yana nan lafiya, kullum yana bakin tafkin kifinsa, ya ƙara baƙi ya ƙara surutu. Mamanmu Nanay ma lafiya, sai ciwon gwiwar nan da kika sani. Akwatin da kika aiko ya iso kafin Kirsimeti. Sabulan nan masu ƙamshi har yau Nanay ba ta yarda an jiƙa ko ɗaya ba, ta jera su a kabad baƙi suna kallo. Takalmin ya yi mini daidai, na gode ƙwarai.

Wadda ba ta da lafiya ita ce Lola Pacing. Manang, gigin tsufa ya kama kakarmu. Da farko gishiri take zubawa a kofi, muna dariya. Daga baya ta fara tambayar wane ne ya bar mutumin nan mai ƙarnin kifi ya shigo mata gida, Tatay fa take nufi. Shi kuwa ya mayar da abin wasa, wai tun ranar aurensa surukarsa take neman hanyar korarsa, sai yanzu ta samu. Da ta daina shan maganin hawan jininta kowa ya daina dariya. Idan Nanay ta miƙa mata ƙwayar sai ta datse baki, ta ce ita da take da jika nas, don me za ta karɓi magani a hannun matar da ko zare ba ta iya sa wa allura. An kai ta asibitin unguwa, nas ɗin da ke wurin ma ta tafi Ingila, ungozoma kawai aka samu. Wata safiya jiri ya kwashe ta a bakin rijiya, Allah ya sa Tatay yana kusa.

Yadda na shiga cikin maganar kuwa abin kunya ne. Nanay ta sa ni in shanya kayan cikin akwatinki kada su yi fumfuna. A lokacin ina tsakiyar wani littafin soyayya da na karɓo haya a bakin kasuwa, labarin wata nas da wani likita mai tsare gida wanda ba ya kallon kowa sai ita. Da na ga farin kayanki sai na rufo ƙofa na sa, na maƙala hular, na tsaya gaban madubi ina gwada yadda zan ɗaga gira idan likitan ya kira ni. Ashe ƙofar ba ta rufu ba. Sai na hango Lola a cikin madubin tana tsaye a bayana. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ko a jikinta, cewa ta yi, “Bining, kin makara. Tun ɗazu nake jira, ban sha maganina ba.” Na kawo mata, ta haɗiye kamar alewa. Nanay tana bakin ƙofa ta rufe baki da gefen zaninta. Tun daga ranar na zama ke.

Kin san ni, ko mai shago ya tambaye ni me zan saya sai muryata ta maƙale. Amma cikin kayanki har faɗa nake yi wa Lola idan ta ci soyayyen naman alade a ɓoye, da irin muryarki, hannu a ƙugu. Ta kan ce in rufa mata baki, ita ta wanke mini kashi ina jaririya, sannan ta yi abin da na ce. Har yanzu wuyan rigar yana da ɗan ƙamshin hodarki. Idan na shaƙa sai in ga kamar jiya ne Lola take tsoma kayan nan a ruwan sitacin shinkafa, ni ina fifita gawayin dutsen guga, ke kina gindin mangwaro kin kama hannuna kina haddace sunayen ƙasusuwa a jikina, kina cewa na rame har ba ki buƙatar littafi. Ina tuna yadda kike tafiya a karkace a kan kunyar gona don kada taɓo ya taɓa farin takalminki, samarin unguwa suna yi miki kirari daga kan babur kina yi musu kallon banza. Ina tuna ranar da aka sa muku hula a coci, kowacce da kyandir a hannu, Lola ta yi ta kuka har hodar fuskarta ta yi layi-layi, da aka fito ta ce hayaƙin kyandir ne. A lokacin gidan nan cike yake. Yanzu unguwar ma ta zama ta tsofaffi da yara da manyan akwatunan tsaraba, duk gidan da kika leƙa akwai hoton wata cikin farin kaya a bango, mai hoton tana wata ƙasa.

Lola tana gaya wa Bining abubuwan da ba ta gaya wa kowa, ni kuma nake ji a madadinki, shi ya sa nake ganin kamar ina cin abincin da aka ajiye miki. Wata yamma bayan ta sha magani ta riƙe wuyan hannuna ta ce ta ji daɗi da na fasa tafiyar nan. Ta ce ita ce ta yi ta cika baki a ƙofar coci cewa jikarta za ta ƙasar waje, amma ranar da aka kawo takardun tafiyar ko abinci ba ta iya ci ba. Sai kuma ta tambaye ni ina Lenlen, yarinyar nan mai laɓewa bayan buhunan shinkafa da littafi, ko ita ce ta tafi? Na ce e, ita ce. Ta ce kash, wannan ba ta iya roƙon komai ba, ko yunwa take ji ba za ta faɗa ba, in rubuta mata in ce ta riƙa cin abinci. Ban san Lola tana lura da ni haka ba, Manang. Na shiga banɗaki da hular a kaina na yi kukana.

Za ki ce to wa kike magana da ita a waya duk Lahadi? Da Lola ce, amma Nanay tana maƙale a kunnenta tana raɗa mata abin da za ta ce. Kin tuna ranar da ta ce miki Bining tana wanka, ki sake kira anjima, kika yi ta dariya kina cewa tsohuwar nan ba ta daina tsokana ba? Ba tsokana ba ce. Kin tuna kuma yadda layi yake yawan lalacewa da zarar an miƙa mata wayar? Layin lafiyarsa ƙalau. Nanay ta kafa doka, kuma kin san ba ita ta ƙirƙiro ta ba: wanda yake aiki a waje ba a kai masa mugun labari. Ta ce kina can ke kaɗai cikin sanyi, rayukan mutane a hannunki, idan hankalinki ya rabu kika ba wani tsoho maganin da ba nasa ba, wa zai tsaya miki? Ta ce duk gidan da ya san ya kamata haka yake yi.

Na yarda da ita har na tuna Tiya Nimfa, 'yar'uwar Nanay. Ke kina makaranta a birni lokacin, ni ce nake gida. Kakanmu Lolo ya rasu tana aiki a asibitin Saudiyya, aka ce a bari sai ta gama wa'adin aikinta. Ta sauko daga mota tana dariya, da kwalin takalmi a hammata wanda ta saya masa, tana ƙwala kira wai ina tsohon nan ya fito ya gwada. Kowa ya sunkuyar da kai. Ni ina ƙarƙashin matakala ina kallon ƙafafunta, na ga lokacin da suka daina tafiya. Har yau Tiya tana gaisawa da Nanay, tana kawo mata tsaraba, amma ba ta ƙara kwana a gidan nan ba.

Lahadin da ta wuce kin ce za ki ɗage hutunki na watan Mayu zuwa baɗi, ki ƙara aiki don a canza rufin ɗakin baya. Nanay ta ce Allah ya yi miki albarka, tana faɗa tana murza gefen rigarta. Manang, Lola ta manta Tatay. Nanay ma wata rana 'yarta ce, wata rana mai wanki ce. Ke kaɗai kika rage mata. Kuma shekaranjiya da na shiga da magani ta daɗe tana kallona, ta ce, “Nas, ke 'yar gidan wa ce?” Kafin in ajiye kofin ta dawo tana kirana Bining, amma na ga abin da na gani. Ban san me baɗi zai tarar ba. Ba cewa nake ki bar aikinki ba, na san abin da yake riƙe da gidan nan. Rufin dai zai iya jira, ni nake kwana a ɗakin, idan ruwa ya zo roba nake tarawa, ƙarar ma tana sa ni barci. Ki zo bikin gari a watan Mayu kamar yadda kika yi niyya tun farko. Ki zo ta riƙe hannun Bining ta gaske, ta gaya miki maganganun nan da bakinta. Ni ina son kayan nan, amma na fi son in ga mai su.

Tatay yana gaishe ki, ya ce ki daina aiko masa da turare, kifi ba ya gane shi idan ya fesa. Tiya Nimfa tana gaishe ki, haka kawunmu Tiyo Berting da iyalinsa. Ki gaishe mini da Manang Luz da kuke ɗaki ɗaya, da tsohuwar nan da kika ce tana kiranki da sunan 'yarta.

Na kai nan Nanay ta shigo neman igiyar ɗaure ƙunshin busasshen kifin da za ta ba Manang Glenda ta kawo miki, ita ma ta samu aiki a garinku, gobe jirginta zai tashi. Ta ganni da biro ta tambayi me nake rubutawa. Da na ce aikin makaranta ne da ta wuce, amma sai na ji bakina ya gaya mata gaskiya. Ta zauna a bakin gado. Can ta ce idan hankalinki ya tashi a can, ni da ita ba wanda zai iya kai miki ko ruwan sha. Na ce na sani. Ta miƙe da igiyarta, ta kai ƙofa ta ce ba tare da ta waiwayo ba, “Ni dai ban ga komai ba. Amma takarda tana ɗaukar wari, kada a haɗa ta da kifi.”

Daga nan ina jin kiɗan walimar bankwana a gidan su Manang Glenda, rabin unguwa suna tsakar gidan suna karɓa-karɓar waƙa da makirfo, kuma na san da sun ganni wani zai ce ga 'yar littafi ta fito, a ba ta ta rera. Zan naɗe takardar nan yanzu, in ratsa ta tsakiyarsu da kayana na gida, in sa wa Manang Glenda ita a hannu.

Taki ƙanwa mai kewarki kullum,
Lenlen