Hoton Tsawon Rai na Malam Pyo

Litinin, 7 ga Oktoba
Malam Pyo ya kira ni ina fitowa daga aji. Ranar 21 za a yi masa aikin zuciya, yana so in ɗauke shi hoton tsawon rai. Haka muke ce masa, amma kowa ya san shi ake kafawa tsakanin furanni ranar jana'iza. Shekara talatin ke nan da ya koya mini riƙon kyamara, bai taɓa cewa hotona ya yi ba. Na ce to.

Laraba, 9 ga Oktoba
Hutu. Na goge gilasan kyamara, har waɗanda ba zan ɗauka ba.

Asabar, 12 ga Oktoba
Gidansa. Baƙar kwat ta yi masa yawa yanzu. "Suk-hui, wannan fitilar, gasa ni za ki yi kamar kifi?" Na rage ta. Fim ɗin kyamara naɗi guda na ƙarar. 'Yarsa Mi-ran ta kawo shayin sha'ir, ba ta zauna ba.

Talata, 15 ga Oktoba
Na wanke hotunan, na kai masa. Haske daidai, ba abin cirewa. Ya daɗe yana dubawa. "Kwat ta fito. Ina mai kwat ɗin?"
Saura kwana shida.

Asabar, 19 ga Oktoba
Karo na biyu. Yana cikin yi mini faɗa kan tsayuwata, wai har yau kamar mai jiran mota nake tsayawa, yatsana ya danna kyamara ba da niyya ba. Asarar fim.

Lahadi, 20 ga Oktoba
Na ɓoye hoton da na ɗauka yana faɗa a ƙasan sauran, shi ya zaro. Baki a buɗe, gira a sama, hannu ya yi dishi-dishi.
Na ce, "Malam, ya motsa."
"Ni na motsa. Mai rai ne."
Bai ce ya yi ba. Mi-ran ya miƙa wa, ya ce ta sa a gilashi.

Litinin, 28 ga Oktoba
Ya farfaɗo, bai fara magana ba. Hoton na cikin kabad ɗin Mi-ran, a naɗe.
A makaranta wata ɗalibata, Da-som, ta kawo hoton kakarta tana yanka kabeji, duk ya girgiza. Irinsa nake mayarwa a sake. Na manna shi a allo. Wataƙila gajiya ce.