Ɗakin da Inna Ta Haddace da Hannu

Zuwa ga Alhaji mai gidan bakin kasuwa a Bagudo, mazaunin Kamba.

Gaisuwa da ban girma, ranka ya daɗe. Ni ne Garba tela, mai zama a ɗakin gabas na gidanka tare da mahaifiyata, tsohuwa makauniya. Ba ka san ni ba, kuma da alama akwai wanda bai so ka san ni. Shi ya sa na ba da wagga takarda a karanta a bakin masallaci kafin ta hau mota, don sau biyu ina aiko maka saƙo ta hannun wakilinka Ɗantani, shiru kamar an aiki bawa garinsu.

Na ɗaya. Ban musa ba, sunana ba ya cikin takardar haya. Sunan Malam Bawa ne, mai fataucin gishiri. Da zai ƙetara Dahome, damina shida ke nan, ya bar mini ɗaki ɗaya cikin nasa biyu. Ba mu yi rubutu ba, yadda iyayenmu ke yi muka yi: na sayo goro, aka raba gaban liman, aka shafa fatiha. Ɗantani na nan zaune, har ya zaɓi fari ya jefa aljihu. Duk wata shi nake danƙa wa haƙƙin ɗakin, bai taɓa cewa bai san ni ba sai bana.

Na biyu. Tun da aka ba mu mulkin kai aka tsananta bincike a iyaka, Malam Bawa bai sake leƙowa ba. Sai Ɗantani ya ce mini yanzu zamanin takarda ne, wanda ba ya ciki baƙo ne, in kwashe kayana kafin sallar layya. To Alhaji, ga abin da ya tsaya mini a rai. Kwana uku kafin ya faɗi haka, na dawo daga Zagga na tarar da ƙanen matarsa yana auna ɗakinmu da igiya. Wai irinsa zai gina. Ɗakin ƙasa, jama'a! Wa ke Bagudo bai san faɗin ɗakin ƙasa ba? Bayan nan aka soma raɗe-raɗi a kasuwa wai ni ma ɗan ƙetare ne. Ni da aka binne cibiyata a Bahindi, nan kusa da mu! Ruwa dai ba ya tsami banza. Ita takardar ma ban taɓa ganin ta ba. Na nemi Ɗantani ya nuna mini, ya ce tana wurinka. Tana wurinka kuwa?

Na uku, wanda shi ne ciwon. Ni ko gindin itace na kafa keken ɗinkina zan ci abinci. Inna ce abin ji. Shekara guda ta yi tana cin karo da bango kafin ta haddace gidan da tafin hannu. Yanzu da kanta take zuwa randa, ta zagaya bayi, ta koma tabarmarta ba ta kira kowa ba. In an kai ta baƙon gida a wanga tsufa, sai dai ta zauna inda aka aje ta tana jiran mai ja mata sanda. Wallahi abin na ci mini rai.

Roƙona ka aiko wani amintacce wanda ba Ɗantani ba, a fito da takardar gaban liman, a karanta kowa ya ji. In da saninka ake korar mu, ka faɗa da bakinka. In ba da saninka ba, a sa sunana ciki. Allah ya ƙara maka arziki, ya tsare ka daga masu cin amana da sunanka.

Har yau ban iya gaya wa Inna ba. Jiya ta sa na nemo mata irin kuɓewa, ta laluba ta shuka a gindin katanga, inda ruwan alwalarta ke gangarawa. Ta ce in kuɓewar ta yi 'ya'ya, za ta shanya ta aika wa Alhaji mai gida tasa.

Wassalam.
Garba tela, Bagudo.